Bakwai Mai Ɗamara

…kuma yau kwana uku ke nan yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba. Kwana uku cur. A kai mata kwano, a dawo da shi yadda aka kai, sai dai ta ɗan tsakuri gefe don kada a yi magana. Ranar da ta dawo daga aikin zaɓen lafiya lau ta shigo, ido jawur, ƙafa butu-butu, ta yi barci kamar an jefar da ita, ta tashi ta ci, har da tsokanar ƙannenta. Washegari ne ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ɗif. Gajiya ce, in ji babanta. Gajiya! Shi komai gajiya ne a wajensa, ko rufin gidan ne ya rufto zai ce a bar shi ya huta, ya ɗauki rediyonsa ya koma bakin titi. Wace irin gajiya ce ba ta ƙarewa? Ita uwar da ta haifi biyar tana kan keken ɗinki, wa ya taɓa ba ta kwana uku ta kwanta?

Tana zaune gaban keken ɗinki, ƙafa a kan feda, ba ta takawa. Rigar mutane ce a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a haɗe, ɗayan yana reto tun jiya. Mai rigar ta zo da safe ta koma tana ƙunƙuni. To ta koma mana! Ana shirin sace ƙasa ɗungurungum, ita tana maganar hannun riga… Wayar na jingine da gwangwanin maɓallai, a jone da caji. Can saman kabad talabijin na nuna babban zauren da ake tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa: mutane cikin manyan kaya, ruwan roba a gaban kowa, wani mai tabarau yana karanto lambobi a hankali, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Yanki kaza, ƙuri'a kaza. Ya ɗaga kai. Ya gyara takarda. Ya sha ruwa. Ka karanta mana, bawan Allah! Ruwan nan gudu zai yi?

Wayar ta yi ƙara. Ta sake. Ta sake. Guruf ɗin ne, Idonmu Biyu, mutum ɗari huɗu da wani abu, duk magoya bayan mutuminsu, ɗan takarar da suke so. Ƙanwarta ce ta jefa ta ciki wata biyu da suka wuce, ko shawara babu. Da farko ba ta cewa uffan, karatun nan nata na aji shida ba ya iya gudun da suke yi, kafin ta haɗa layi ɗaya an zubo goma. Sai ta gano maɓallin murya. Ka danna, ka faɗi abin da ke ranka, ka saki. Shi ke nan! Mama Tela suke ce mata da. Yanzu kuwa Uwar Guruf. Uwar Guruf, ina kwana. Uwar Guruf, sa mana albarka kafin a fara.

An sanar da wani yanki. Wancan ɗan takarar ne ya ci. Wancan! A yankin da kowa ya san ko kujera aka tsayar sai ta kayar da shi! 'Yan kawunan nan masu kuka suna ta zubowa a guruf, da masu jan fuska, da masu hayaƙi a hanci. Admin ya rubuta a kwantar da hankali, manyan yankuna ba su shigo ba tukuna. Tun shekaranjiya manyan yankuna ba su shigo ba. A ƙafa suke tahowa ne?

Awa shida. Awa shida ta yi a layi da gwiwar nan da take kumbura kamar an hura ta, rana a tsakar ka, wata tsohuwa a gabanta ta sulale ƙasa, aka yayyafa mata ruwa, ta miƙe ta ce ba inda za ta sai ta dangwala. Ita ma ta dangwala. Ga tawadar nan har yanzu a gefen farce, ta ƙi fita. Don me? Don a daina ɗauke mata wuta tana tsakiyar guga. Don ɗanta na biyu, da ya gama karatu shekara uku ke nan, ya daina zaman benci yana ƙirga motocin mutane. Don in ta je asibiti da gwiwar nan kada a ce likita ya tafi taro. Ba ta nemi mota ba. Ba ta nemi kujera ba. Shi ne wani ƙato zai zauna a inuwa da biro a hannu ya —

Wannan takardar. Ita ce ta ɗaga mata hankali ran nan. Injiniya ne ya turo ta guruf, washegarin dawowar yarinyar. Hoton takardar sakamako ta wata rumfar zaɓe, rabi, ba sama ba ƙasa, dishi-dishi, an zagaye waje ɗaya da jan layi. Ko tabarau ba ta sa ba, me za ta gani? Muryarsa ta saurara. Shi Injiniya in yana bayani sai ka rantse a gabansa aka yi. Ku duba nan da kyau, 'yan uwa. Ɗaya ce wannan, aka ja mata kai, aka gitta mata layi a ciki, ta koma bakwai. Ɗari da sha biyu wancan ya samu, aka mayar masa ɗari da saba'in da biyu. Ƙuri'a sittin a rumfa ɗaya tak. Ku lissafa rumfa nawa ce a ƙasar nan.

Ba ta tsaya lissafi ba. Ta danna maɓalli.

Ta haddace saƙon muryar nan nata yanzu, don sau nawa aka dawo mata da shi? Ni uwa ce, na haifa na raina, bakina kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza. Hannun da ya rubuta wannan, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Yadda ya sa muka sha rana a wofi, kada ya ga da kyau. Hannun nan ya shanye. Ko ɗan waye. Wallahi ko ni na haife shi ban yafe ba… Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, murya na rawa, har da shessheƙa a ƙarshe. Amin ta dinga sauka kamar ruwan sama. Amin ɗari. Amin ɗari biyu. Ƙanwarta ta kira tana ihu, Yaya kin yi suna, har a guruf ɗin 'yan kasuwarmu na ji ki! Wani ya ɗora muryar a kan hoton takardar, ya sa mata kiɗa mai ban tausayi a ƙasa. Kuma ta ji daɗi. A faɗi gaskiya, ta ji daɗi. Shekara hamsin da ɗoriya ba abin da ake ce mata sai rage nan, ƙara can, wuyan ya yi faɗi — ran nan mutum ɗari huɗu suka yi tsit suka saurare ta.

Yarinyar nan ma, ai sai da ta hana ta aikin zaɓen. Me aka rasa? Kina da aikinki, malamar lissafi, yara na durƙusawa su gaishe ki a hanya, me zai kai ki cikin 'yan maguɗi? Umma, in duk masu tsoron Allah suka ƙi yi, wa kike so ya ƙirga taki? Haka ta ce, tana ninke 'yar rigar nan mara hannu da ma'aikatan zaɓe ke ɗorawa a sama, kai a sunkuye, taurin kan babanta sak. Shi ya sa ko sau ɗaya ba ta faɗa a guruf ba cewa 'yarta na cikin ma'aikatan. Ta yaya? Injiniya ya riga ya yanke hukunci, duk wanda ya sa rigar nan an saye shi, daga babba har ƙarami. Ƙanwarta ma ta ja mata kunne, Yaya kada ki kuskura. Sai ta ja bakinta ta yi gum.

Wayar ta sake ƙara. Barista ne wannan karon, ɗaya daga cikin manyan guruf, mai yawan cewa a bisa doka. An samo hoton mai kyau, in ji shi, tar kamar a hannunka, kowa ya gani da idonsa kada gobe a ce ƙage muka yi.

Ina tabarau ɗin nan? Yanzu fa na ajiye shi… a kanta yake. Ta sauko da shi, ƙafarsa ɗaya ɗaure da baƙin zare. Ta buɗa hoton da yatsu biyu yadda yaran suka koya mata. Bari in ga hannun tsinannen nan da idona. Bari in ga —

Bakwai ce.

Bakwai ce mai ɗamara.

Ba ɗaya ba ce aka yi wa kai. Ɗaya ba ta tsayuwa haka. Ga ɗayar nan a gefenta, miƙe sambal kamar allura. Wannan kuwa ta ɗan karkata, kanta da 'yar ƙugiya, layin da ya ratsa cikinta ya taso daga dama ya ɗan hau sama. Biro ɗaya, tawada ɗaya, ba gyara, ba ninki. Ga biyun a bayanta, mai lanƙwasar wuya kamar agwagwa a ruwa…

A'a. A'a, ai ba su kaɗai ba ne a duniya. Mutane nawa ke gitta wa bakwai layi? Mai kantin magani yana yi. Wata nas ma ta taɓa gani. Ƙasar nan faɗi gare ta, rumfa dubu nawa, ma'aikaci dubu nawa, sai a ce —

Littafin awo na nan a ƙarƙashin almakashi, bangonsa ya fita, kusurwoyinsa sun nannaɗe. Hannunta ne ya jawo shi, ba ita ba. Ƙugu talatin da bakwai. Tsawo hamsin da bakwai. Hannu sha bakwai. Shafi bayan shafi, kowace da ɗamararta, daga dama, ta ɗan hau sama.

Shekara nawa yanzu? Yarinyar tana aji biyu. Wata mata ta kawo yadi mai tsada, ta auna ta, ta rubuta talatin da bakwai da hannunta, ranar yanka ta karanta talatin da ɗaya. Ta yanka. Matar ta tsaya a tsakar gida ta wanke ta tas, maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Wai tela guda ba ta san ɗaya da bakwai ba, wai ta koma makaranta a ƙarasa mata. Tun ran nan kowace bakwai a gidan nan sai an ɗaura mata ɗamara. Yarinyar a zaune a gindin keke, littafi a cinya, uwa na aunawa tana faɗa, 'ya na rubutawa. Hannu sha bakwai. Mu gani. Tas! da tef a bayan hannu. Ɗaura mata ɗamara! Bakwai ba ta fita tsirara a gidan nan! Yarinyar na hawaye tana dariya, majina har leɓe. Har wani malami ya taɓa soke mata lissafi a kan haka, wai ba haka take a littafi ba, ita kuwa ta yafa mayafi ta je har makarantar ta tambaye shi ko ya taɓa ɓata yadin wani a rayuwarsa.

Ni na koya mata. Da dukan tef na koya mata.

Amma dai… amma dai ba a tabbatar ba. Ba suna a hoton, ƙasan takardar a yanke yake. Hannu na kama da hannu. Ita kanta wani lokacin ba ta bambance rubutunta da na —

Wani mai kiran kansa Direba ya rubuto. Ya gane wajen daga lambar rumfar, in ji shi, ya sha kai fasinja. Firamaren nan ce ta bayan tsohon gidan mai, can bakin gari, wadda ajujuwanta ba ƙofa.

Umma, makarantar da aka tura ni ko ƙofa babu, akuya ta shigo mana muna tsakiyar ƙirga! Tana faɗa tana dariya, baki cike da abinci, ranar da ta dawo. A nan, a kan tabarmar nan.

Ƙafarta ta taka feda ba ta sani ba. Keken ya yi gurnani, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye ƙas, guntun ya yi tsalle ya faɗa wani wajen.

Injiniya! Injiniyan me? Wa ya taɓa ganin fuskarsa? Hoton zaki ne a lambarsa. Wataƙila gyaran fanka yake yi, wataƙila ma ba ya yin komai, yana kwance ne yana danne-danne, ya ga bakwai ya ce ɗaya ce, shi ke nan ta zama ɗaya. Mutum ɗari huɗu! Da barista, da malamai, da masu digiri biyu-biyu, ba wanda ya ce ku tsaya mu duba. Ni ce mai aji shida! Ni ya kamata a ruɗa! Ku da kuka ƙare biro a makaranta fa, idonku biyu ɗin ke nan? Da ita waccan da ta jefa ni ciki, wa ya aike ta? Ina zaman zamana da kekena, ban san admin ba, ban san guruf ba… Da mai tabarau da ruwansa, da ya karanta abin nan tun ranar farko ai da kowa ya kama gabansa, ba a bar mutane kwana huɗu suna cin naman juna ba. Da mutumin namu ma — shi yana ina? Yana wani ɗaki mai sanyi, 'ya'yansa ba su san layi ba, ba su san akuya a rumfa ba. Ko sunana bai sani ba. In ya ci ba zai sani ba, in ya faɗi ba zai sani ba. A kansa na buɗe baki na…

Ta nemo muryar, can sama, sai da ta ja ta ja. Ta danna ta riƙe. Goge. Goge a wajena. Ina ɗayan? Ina goge wa kowa? Da akwai shi, ta sha gani… lokacinsa ya wuce. In ta goge a wajenta, ita kaɗai ce za ta daina ji. Kuma ko yana nan ma, guruf ɗin 'yan kasuwa fa? Mai kiɗan fa? Ta ina za ta fara?

Ita da ko Allah wadai ba ta taɓa yi wa 'ya'yanta ba. Ko ranar da na biyun ya fasa mata gilashin kabad, cije leɓe ta yi ta ce Allah ya shirye ka, da ƙarfi, kamar zagi. Shekara talatin tana tsaron bakin nan yadda take tsaron dutsen guga kusa da yadin mutane, don ta san abin da bakin uwa yake yi. Ta ga waɗanda ya kama, suna nan suna yawo, komai suka taɓa sai ya lalace. Shin yana kamawa in ba ka san wa kake nufi ba? Ai ban sani ba. Allah ya ga zuciyata, ƙato nake gani, mai tumbi, mai dariyar mugunta. Kuma ai ba ta yi komai ba, abin da ta ƙirga ta rubuta. Ɗari da saba'in da biyu ne. Wancan ya ci rumfar. Ya ci, to ya ci mana, mutanen bayan gidan mai shi suke so, sai me? Sai a kashe su? …Amma ban ce wanda ya yi maguɗi ba. Hannun da ya rubuta wannan na ce. Hannun da ya rubuta. Ko ni na haife shi. Wa ya sa ni ƙara wannan? Magana ta riga ta cika, ta zauna daidai, me ya kai ni yi mata ado a baki kamar mai ƙara wa riga leshi?

Kuma jiya — innalillahi — jiya da maƙwabciya ta shigo aron almakashi, a nan ta kunna mata. A nan, taku huɗu daga ƙofar ɗakin. Har sau biyu, don ta farko jariri na kuka ba ta ji da kyau ba. Ta ƙure ƙarar. Maƙwabciya na cewa kai, Maman yara, ashe haka kika iya magana, ita tana murmushi tana gyara ɗaurin ɗankwali…

Talabijin ya ɗau hayaniya. An sanar da babban yanki, mutuminsu ne ya ci, da rata mai yawa. Guruf ya kece. Tuta, wuta, hannuwa a sama, wani ya turo muryarsa yana kabbara yana kuka. Tun asuba wannan take jira. Tana kallon lambobin a ƙasan allo, ba su ce mata komai ba. Akwai bakwai biyu a ciki, duk tsirara.

Sai Barista kuma. Cikakken hoton na wajen wani abokinsa, har ƙasa, inda ma'aikacin ya rubuta sunansa ya sa hannu, yanzu zai turo da zarar sabis ya kama. Injiniya ya amsa nan take. Suna muke so, da unguwa. Ba za mu taɓa kowa ba, gaisuwa kawai za mu je. Ya sa ɗan kan nan mai dariya har da hawaye. Wasu goma suka sa irinsa. Ta san irin gaisuwar. Ta ga gidan da aka je wa irinta a zaɓen da ya wuce, har yau tagoginsa kwali ne.

Uwar Guruf, kina ina? Admin ne. Mun ga kina kan layi. Ƙara mana ɗaya mai zafi, jama'a na buƙatar muryarki.

Ƙofa ta yi ƙara. Ta kife wayar a kan rigar mutane kamar wadda aka kama da sata.

Yarinyar ce. Ta rame, wuyan nan ya fito, idanu sun faɗa ciki. Ba ta dubi talabijin ba. Ta wuce wajen jarkar ruwa, ta karkata ta da gwiwa, ta tara kofi. Da hagu. Na daman na cikin mayafi, a manne da ciki.

"Kin tashi?" Muryar ta fito 'yar siririya, ba irin ta guruf ba.

"Na tashi, Umma."

"In ɗumama miki —"

"Muryarki ta fita sosai." Ba ta juyo ba. "Shugabar makarantarmu ce ta fara turo min. Ta ce in ji yadda iyaye mata suke ji a ƙasar nan. Ba ta san ke ce ba. Ba ta san ni ce ba."

"Ban sani ba. Wallahi tallahi ban —"

"Sau uku na ƙirga, Umma. Wakilinku na tsaye a kaina, shi ma ya sa hannu." Ta kurɓi ruwan, ta ajiye kofin a hankali. "Na ɗauka kin gane bakwai ɗin tun ranar."

"Me ya sami hannun?"

"Ba komai."

Ta koma ciki.

Tun ranar. Ta ɗauka na gane tun ranar. Kwana uku tana kwance a bayan bangon nan tana ganin na duba, na ga ɗamarar da na ɗaura mata da hannuna, na gane, sannan na danna na ce ban yafe ba. Kwana uku ina aika mata kwano da ƙannenta, ina tsaki, ina cewa shagwaɓa ce. Ni ban shiga ba. Ban shiga ba, don kada in tashi a sanar da wani yanki ban gani ba… Hannun fa? Kwanciya ta yi a kansa? Rubutu ne ya yi mata yawa ranar? Ko kawai ba ta son in gan shi? Ba komai. Haka take cewa tun tana ƙarama, ko ƙaya ce a ƙafarta, ba komai.

Ta juyo da wayar. Maɓallin muryar na nan a kusurwa, ɗan kore, yana jira.

In na danna na ce 'yata ce, ku saurara, bakwai ɗin tawa ce, ga littafin awona, shafi ɗari, ku ƙirga ɗamara — wa zai saurara? Yau? Da har yanzu mutuminmu ke baya a jimilla? Za su ce Uwar Guruf ma an saye ta, ashe shi ya sa ta fi kowa kuka. Kuma na miƙa musu abin da suke nema da hannuna. Sun san gidan. Matar Direba a nan take kawo ɗinki, mata nawa a guruf ɗin nan na auna… In na yi shiru, sunan zai fito ko ta yaya, sabis ba zai ƙi kamawa har abada ba, kuma in sun taho muryata ce za ta rako su har ƙofa, da kiɗanta. In tashi in kira babanta daga bakin titi? In ce masa me? In ɗauke ta in kai ta gidan wa, alhali ƙanwar tawa ma tana cikin guruf ɗin? In shiga ɗakin in durƙusa in ce na janye — ana janyewa? To na janye nawa. Amin ɗari biyun fa? Wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓo?

A saman allo an rubuta Barista yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu.

Na gaji. Gwiwar nan ma ta ƙi ɗaukata… Ku da kuke karanta wannan, ku da ba ku cikin guruf ɗin, ku da kuka haifa kuka san nauyin abin — ba na neman a ce ban yi laifi ba, na yi. Ku dai gaya min. Yatsana na kan maɓallin, ita kuma tana cikin ɗaki. In danna ne, ko in tashi? In na tashin, me zan ce mata? Yaya zan yi?